Minti Goma Sha Biyar Zuwa Kirkenes

Na tambayi yarinyar da ke duba tikiti a Vadsø,
nawa ne daga nan zuwa can?
Ta ce, ta sama ko ta ƙasa?
Ta sama ko kilomita arba'in bai cika ba.
Ta ƙasa sai kin bi bakin ruwan nan kaf,
kin je ƙuryarsa kin dawo,
ɗari da saba'in, in ƙanƙara ta ba ki hanya.
Ban ce mata akwai awo na uku ba:
shekara goma sha ɗaya.

Rana ta yi yaji tun watan jiya.
Ƙarfe goma na safe, fitilun fili na kunne,
muka taka zuwa jirgi mu tara,
iska na tura mu kamar tana bin mu bashi.
A jakata safa biyu da na saƙa,
da busasshen kifi a tsohuwar jarida,
da takardar kwalekwalen babanmu,
wanda na sayar ban shawarci Eilif ba.

Farfela ta fara tari, ta kama ruri.
Na ja ɗamara na ce, to Torunn,
yanzu sai ki shirya abin faɗa.
In ce na yi kuskure?
Ban yi ba. Katako ya ruɓe, bashi ya kai wuya.
In ce ya jiki?
Matarsa ta riga ta gaya mini a waya,
da murya irin ta mai wanke kwano.

Ƙasa da mu ruwa baƙi ƙirin,
fitila ɗaya tal tana rarrafe a kai.
Wani na can yana jan koma
a wurin da baba ya koya mana ɗaurin igiya,
ni na iya, shi ya kasa,
ya yi kuka har majina ta daskare masa a leɓe.

Ban kai ƙarshen tunanin ba
matuƙi ya ce a shirya sauka.
Haba!
Ko shayi ba a raba ba.
Yaron da ke gefena bai gama ɓare lemonsa ba.
Da na sani da na bi mota,
awa uku sun isa mutum ya dafa magana ta nuna.

Taya ta daki ƙasa, haƙorana suka haɗu.
An ce zumunta a ƙafa take.
Tawa ƙafar ba ta yi komai ba,
ɗaukar ta aka yi aka dire.

Yana tsaye bayan gilashi,
rigar sanyi ta yi masa yawa,
sanda a hannun da ya saba riƙe ƙugiya.
Ashe asibiti sun bar shi ya fito.
Ya dube ni, ya dubi agogon bango,
ya ce, kun makara da minti huɗu.

Na ce iska ce.
Ya ce, kullum iska ce.
Ya miƙo hannu zai karɓi jakar,
na hana shi, ya ja, na ja,
har kifin ya leƙo daga jarida.
Ya sunkuya ya shinshina.
Gishiri ya yi yawa, in ji shi,
bai kuwa saki hannun jakar ba
har muka kai mota.