Matakala Goma Sha Tara

Ni na zuba su.
Goma sha tara, da yashin Mayo Kaliyawo,
shekarar da kuɗin siminti ya hau ya ƙi sauka.
Na ja igiya, na ɗora ma'auni,
ko ƙwai ka ajiye a kai ba zai mirgina ba.
Duk wanda ya ratsa Marwa da ni sai na nuna masa:
ka ga hawan ɗakin karatun can?
Hannun Barmo magini ne.

Sai ga Tasalla, 'yar ɗana,
wadda jikinta ba ya jin maganarta.
Kalma ɗaya, sai sun yi kokawa kafin ta fito.
Alƙalami tsakanin yatsun ƙafar hagu,
da shi ta haye firamare,
da shi ta ci jarrabawar da ta kayar da masu hannu biyu.

Ran Litinin na raka ta.
Keken ya zo gindin aikina ya tsaya.

Samari huɗu suka ɗauke ta, har da raha,
ɗaya na cewa a yi hankali da kaya.
Ba mugunta ba ce. Na sani.
Amma na ga ta runtse ido
tana ƙirgawa da leɓe,
ni kuma a ƙasa, hula a hannu,
kowace taka tana sauka a ƙirjina.

Da dare na ce, yafe mini.
Ta daɗe tana haɗa amsar.
Kaka, ta ce,
ba ka san
zan zo ba.

Wata uku ina zarya a ofis kafin a buga hatimi.
Na sayar da tunkiya, abokan aiki suka kawo tsakuwa,
muka zuba gangare kafin zafin rana.
Ta zo, ta dube shi, ta yi dariya har keken na rawa.
Wannan ai na akuya ne.
Ta ja takarda da ƙafa, ta zana mini lissafi:
kowane taƙi na tsayi, goma sha biyu na tsawo.
Shekara arba'in ina riƙe da cokalin gini,
ranar na zama yaron aiki.

Muka fasa. Muka sake.

Yanzu tana hawa ita kaɗai,
a hankali, kamar mai jan guga.
Bayanta wani makaho daga Kusiri, sandarsa na lalube,
sai malama mai ciki wata takwas.

Ɗakin littattafai dai yana bene na biyu.
Jarrabawa awa biyu ce, ƙafa kuwa ba ta sauri.
Jiya ta aiko ƙaninta da wata takardar,
duk lambobi,
a ƙasa ta rubuta:
Kaka, kana da sauran tunkiya?