Gangara Kaɗan

A Ceredigion ruwan sama bai san hutu ba.
Emrys na durƙushe a rami, laka har gwiwa.
Gidan ba rufi tukuna,
amma Nerys ta zaɓi tagar wanke-wankenta.

Siririn bututu daga kicin,
ƙaton na kwance kan tsakuwa;
tsakaninsu taku uku
da gardamar mako guda.

"Gangara kaɗan, Nerys.
Ruwa ba ya hawa tudu,
in ya cika gudu kuma, ya bar maiƙo a baya."

Ta juye ragowar shayi daga sama.
Ya kasa kunne bakin lambatu.
Shiru.
Can sai ƙululu.

Ya ɗago, gemu duk yumɓu,
ya jawo shebur.
Aikin da ya fi ƙauna a gidan,
shi zai fara binnewa.