Ma'aunin Babana

A La Rinconada, can ƙololuwar duwatsun Peru,
inda iska ba ta ƙosar da huhu,
ruwan bokiti ya kwana ya tashi dutse,
babana Fortunato Cutipa
yana auna zinariya a shagon Don Wilber.

Da almuru matan kan zo,
masu tonon tsakuwar da maza suka zubar,
yatsu a tsattsage, leɓe ya yi shuɗi don sanyi,
kowa da 'yar ƙwayarta ƙulle a tsumma,
wata ba ta fi idon fara ba.

Don Wilber ya ce, "Akwai ƙusa a gindin ma'aunin.
Murɗa ta kaɗan, kamar silin gashi.
Uku nawa, ɗaya naka.
Shekara biyu ka tā da bene a Juliaca."

Ba zan wanke shi ba don babana ne.
Ya murɗa.

Wata biyar tukunyarmu na ƙamshin nama.
An sayo mini jan takalmi mai maɗauri,
ina kwana da shi a ƙarƙashin bargo.
Inna ta fara lissafin bulo.

Sai wata Lahadi a majami'ar kwano,
ƙanƙara na dukan rufi, fasto na ɗaga murya,
aka zo Jibin Ubangiji.
Wadda ta miƙo masa gurasa
Doña Eulogia ce,
wadda ya ci wa awo ranar Juma'a.
Ta ce, "Karɓi, ɗan'uwana,"
da yatsun nan nata masu jini a tsaga.

Ina gefensa. Na ga maƙogwaronsa
ya hau, ya sauka, ya sāke hawa.
Lomar da ba ta kai farce ba
ta ƙi wucewa.

Daren nan bai yi doguwar addu'a ba.
Na ji shi ta bayan labule:
"Yesu, ka ga hannuna. To, na ji."
Sai ƙarar fensir har asuba.
Suna ashirin da bakwai ya rubuta,
gaban kowanne da abin da ya ci.

Ya sayar da bulon.
Ya bi lungu-lungu cikin taɓo yana ƙwanƙwasa ƙofa.
Wata ta yi kuka. Wata ta ƙirga sau biyu.
Wata ta karɓa ta tofa masa yawu a riga,
ya ce ta yi daidai.

Don Wilber ya yi dariya har da tari:
"Allahn naka zai biya maka haya?"
Babana ya ajiye makulli a kan tebur,
bai da amsa, bai ƙago ba.

Muka sauko Juliaca a bayan babbar mota.
Ya kama tura keken kaya a kasuwa,
buhun dankali, katifa, wani lokaci gawar rago.
Inna ta yi wata guda ba ta kira sunansa ba.
Takalmina ya matse, ba a sāke wani ba.
Na daɗe ina riƙe da wannan a zuci,
na fi Inna daɗewa.

Kada wani ya ce muku daga baya arziki ya zo.
Bai zo ba.
Ya mutu a ɗakin haya, gwiwoyinsa a kumbure.
Abu ɗaya na sani:
yakan yi barci kamar jariri,
kuma ran Jibi yakan haɗiye gurasarsa
ido a rufe, ba gardama.

Yau ni ma ina da ma'auni,
ina sayar da cuku a bakin tasha.
Kuɗin makarantar Nélida bai cika ba.
Mai saye ta juya tana neman canji,
babban yatsana na kusa da faranti,
kusa ƙwarai.

Sai in ji ƙarar fensir.

In janye hannu, in sa shi a aljihu,
in jira allura ta tsaya da kanta.