Gado na Huɗu

Ƙarfe biyu saura kwata.
Ruwa na dukan kwanon asibiti kamar ana sussuka,
Jos ta shige bargo, ta bar mu da ƙarar injina.
Na cire agogo, na naɗe hannun riga,
na wanke hannu karo na talatin da wani abu.
Sabulun nan ya cinye min lallen biki tun ranar Talata.

Gado shida ne a ɗakin, injin numfashi uku.
Wannan lissafi ba a makaranta aka koya mana ba.

A gado na huɗu Baba Dalyop yake,
manomin dankali daga Barikin Ladi,
motar kaya ta kife da shi, da buhu arba'in.
Kwana tara bai ce uffan ba,
bututu a maƙogwaro, bututu a hanci, allura a wuya.
Duk da haka ina gaishe shi.
"Baba, za mu juya ka hagu."
Ni da Kaneng, duk bayan awa biyu,
domin gyambon kwanciya ba ya sallama,
ruwa yake zuwa sha, sai ya kafa bukka.

Allo ya ce tamanin da takwas.
Biro ya so ya rubuta casa'in da biyu
don likita ya ƙara runtsawa.
Na hana shi. Na buga waya.

Sai wuta ta ɗauke.

Batirin injin nan, tun watan jiya muka kai ƙararsa,
takardar na can bene, ƙarƙashin kofin shayin wani.
Na hango Isiyaku ta taga, da tocila a baki,
yana tsallake kwata zuwa ɗakin janareto.
Na zare bututu, na ɗaura jakar iska.
Matsa. Saki.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.
Matsa.
Ƙirjin tsoho ya tashi, ya sauka, yana bin yatsuna.
Hannun da ke dama kunun gyaɗa,
hannun da ke tsefe kan Sa'ade ranar Asabar,
shi ne huhun wani yau, minti goma sha ɗaya.
Ban yi wata doguwar addu'a ba.
Ƙirge ne addu'ata.

A baranda matarsa, Ngo Chundung, na kan benci,
rasit ɗin magani ƙulle a bakin zane.
Injin ban-ruwa suka sayar don a biya kuɗin wannan injin.
Gefenta wata tsohuwa daga Unguwar Rogo,
ɗanta ne a gado na biyar,
bargo ɗaya suka raba, da filas ɗaya,
wannan da carbi, waccan da littafinta a cinya,
ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta da wane suna take kira.

Janareto ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Fitilu suka dawo ɗaya bayan ɗaya.
Casa'in. Casa'in da uku.
Kaneng ta zauna a ƙasa, ta yi dariyar da ba ta da sauti.

Gado na biyu bai kai asuba ba.
Mun rufe ta, mun cire wayoyin a hankali
kamar har yanzu za ta ji zafi.
Kafin zanen gadon ya huce an turo wani daga ɗakin haɗari.

Da na zo zuƙe wa Baba majina,
sai ya murtuke fuska, ya ture min hannu.
Kwana tara nake jiran wannan rashin kunya.

Bakwai ta yi. Na miƙa aiki gado bayan gado,
na sake rubuta takardar batiri, ta huɗu,
na sa kwanan wata, na sa sunana da manyan baƙaƙe: HANSATU.

A keke, wajen Taminus, mai kuɗin mota ya juyo yana kallona.
Ashe jakata nake matsawa a cinya.
Matsa. Saki.
Ɗaya, biyu, uku.