Huhun Dutse

A aji an ce mana huhu soso ne,
mai laushi, mai shan iska.
Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa.
Sai a bayan Jodhpur na ga sauran karatun,
inda ake fasa jan dutse
don gidajen da masu fasawar ba za su taɓa kwana ciki ba.

Mu shida ne, ranar Lahadi,
a motar da muka yi karo-karo muka zuba wa mai.
Farar riga, abin sauraren ƙirji a wuya,
da ilmi ɗan cikin cokali.

Bhanwar Meghwal na zaune a gadon igiya.
Shekararsa talatin da takwas, na ɗauka sittin.
Na ce, ja numfashi.
Ya ja, kamar mai jan guga a rijiyar da ta ƙafe.
Na ce, ƙara.
Ya yi murmushi: Likita, da akwai saura ai da na ba ki.

Sau uku an ba shi maganin tarin fuka,
sau uku ya shanye, wata shida-shida.
Tarin ko gezau.
Ba wanda ya tambaye shi sana'arsa,
tambayar da ba ta cin ko rupi ɗaya.

Matarsa Sugna ta nuna layin da haɓa:
gida goma sha ɗaya, maza biyu suka rage.
Ta ce, bara ma masu farar riga sun zo,
suka ƙirga mu, suka tafi da lissafin.
Ke ma ƙirga kika zo yi?

Takardar tambayoyin da ke hannuna
ta fi dutsen nauyi.

Ranar Talata na tsallake darasin tiyata,
na riƙe masa hannu muka hau bas.
Hoton ƙirji ya fito
kamar an watsa tsaki a baƙin faranti.
Taga ta huɗu ta tura mu ta tara,
ta tara a rufe, mai ita ya tafi shan shayi.
Bhanwar ya jingina da bango yana sayen iska da tsada.
Ni da nake 'yar gida a asibitin nan
sai da na ɓata sau biyu.
To ina ga wanda bai iya karanta allon ƙofa ba?

Babu maganin da ke narkar da dutse.
Wannan ma yana littafi, layi ɗaya tak,
na taɓa wuce shi ina hamma.

Abin da muka iya kaɗan ne.
Takardar shaida mai hatimi, da sunan cutar na gaskiya.
Irfan ya nuna wa samari yadda ake jiƙa dutse kafin a huda,
mai ramin ya ce ruwa a hamada ba na wasa ba ne.
Muka koma. Ya kore mu. Muka koma.
Yanzu akwai tanki ɗaya, yana ɗiga,
wata rana da ruwa, wata rana babu.

Bhanwar bai ga damina ba.
Ɗansa Pukhraj, ɗan sha shida,
na gan shi da gudumar uban a kafaɗa,
ƙyallen da na ba shi na rufe hanci
yana lilo a wuya, wai zafi.
Ban yi masa faɗa ba. Me za su ci?

Littafin ƙirgar yana wurin Sugna yanzu.
Ita ke faɗa, jikar maƙwabta na rubutawa:
wa ke tari, tun yaushe, a wane rami.
In mun zo mu ke roƙon a ara mana.

A ɗakin marasa lafiya kuwa,
duk mai tarin da aka kawo gabana,
kafin in ɗora masa ƙarfe a ƙirji
sai na juya tafin hannunsa na duba.
Malam na kallon agogo.
Ina cewa, Baba, wane aiki kake yi?