Garin da Ba a Tuƙa Shi

Na sauka daga mota a Suame da ƙullin leda biyu.
Baba Gariba na zaune gaban uwar maƙera,
rediyonsa na tari da Turancin Asante,
bai ɗago ba ya ce, Lantana, yau kuma me jami'a ta niƙa?

Na kwance na fari. Gari ne, launin toka,
ya fi na dawa laushi, ya fi yashi gudu a tafi.
Ƙarfe ne, Baba, da ɗan nikel,
kashi huɗu kacal cikin ɗari.
Ya shinshina. Ya matso da mayen ƙarfe,
garin ya miƙe tsaye kamar gashin ɗan tsako.

Na ba shi zoben da muka matse jiya, ɗanye.
Ya murza shi da babban yatsa, ya ruguje.
Ya yi dariya har Boakye mai walda ya leƙo.
Shekara biyar ina biyan sidi, ya ce,
ashe alkaki kike koyo.

Sai na kwance na biyu.

Wannan ya kwana rabin sa'a a tanderu,
wuta ja-wur, amma ba ta kai shi ga narkewa ba.
Kowace ƙwaya ta jingina da maƙwabciyarta
har wuya ya tsiro a tsakaninsu.
Nikel mai nawa ne, ba ya gama gari da wuri,
yana maƙale nan da can, tsibiri tsibiri,
to a nan ne tsaga ke zuwa ta rasa hanya.
Zoben ya ɗan tsuke, kaurin gashi,
kuma cikinsa akwai kafofin da ido ba ya gani,
su ke shan mai su riƙe.

Bai saurari rabin wannan ba.
Ya ɗora shi a uwar maƙera, ya ɗaga masaba.
Sau ɗaya. Sau uku.
Zoben ya yi tsalle, ya faɗa cikin gawayi,
ya tono shi da awartaki, ya hura, ya duba gefe da gefe.

Wa ya narka shi?
Babu kowa.
Wa ya buge shi?
Kai, yanzu.

Ya daɗe yana juya shi a hannu mai tabon wuta arba'in.
Boakye na tambaya ko zai shiga injin niƙan rogo.
Baba bai amsa ba,
ya zura shi a aljihun da yake ajiye goro,
ya ce da yaron zugazugi, ja mana.