Aji na Biyu

Ni na sayar da shi.
Dala ɗari biyu, a teburina na Kasuwar Dole,
tsakanin cajar waya da kwaɗon ƙofa,
ɗan abu kamar alƙalami, mai tofar da kore.
Leza, in ji wanda ya saro mini.

Bayan magariba yara kan hau duwatsun Birni
su ɗora ɗigon a katangar maƙwabta,
kyanwa ta yi tsalle ta cafki iska,
su kwanta da dariya.
Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba.

Mutari, yaron tela a Zango,
mai zira zare a allura bakinsa bai bar hira ba,
suka yi gasa da abokinsa:
wa zai daɗe bai ƙifta ba?
Shi ya ci.

Ba jini, ba kumburi, ko hawaye babu.
Sai da gari ya waye ya dubi uwarsa,
ya ga kunne, ya ga ɗankwali,
tsakiyar fuska kuwa kamar an shafe da toka.

Cima ta tsaya gaban teburina, ba ta ɗaga murya ba.
Da ma ta zage ni.
Ta ce, taho ka ji da kunnenka.

Likitan ido ya juya abin a tafin hannu,
ya kankare 'yar takarda rawaya da farce.
Ya ce hasken nan aji-aji ne, kamar lakwal.
Na ɗaya ba ya cizo.
Na biyu, ƙiftawar ido kan riga shi ƙofa,
muddin ba ka yi masa taurin kai ba.
Daga na uku ka fara tsoro,
akwai wanda kafin fatar ido ta sauko
ya riga ya ci tuwonsa ya wanke hannu.

An rubuta biyu a nan, ya ce,
amma takarda ba ta rantsuwa.
Wannan ya girmi sunansa.

Na tambaya, zai warke?
Ya ce a dawo bayan wata uku,
yana kallon agogon bango, ba ni ba.

Yanzu Mutari kan karkata kai kamar kaza ta ga shaho,
yana neman kafar allura da gefen ido.
Maigidansa ya mayar da shi guga.

Sha bakwai suka rage a kwali.
Jika goma sha bakwai ke nan, kuɗin ruwan wata da wata.
Jiya wani ɗan makaranta ya miƙo kuɗi, ya ce, mai koren nan.
Na ce sun ƙare.

Na zare batiransu duka, na ɗaure a leda.
Kwalin na ƙarƙashin gadona.
Rijiya zan jefa? Ana sha.
Bola? Yara na tono.